Kuɗin ruwa a kan rarar haraji: amsa ga yaron ofishina

Ɗana, ka tambaye ni abin da kasafin kuɗin gwamnati yake samu idan ta rage kuɗin ruwan da take ɗorawa a kan harajin da za ta mayar wa mai shi.

Fara da inda rarar take fitowa. A Nijar TVA, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kayan da aka saya, kashi 19 ne cikin 100. Kamfanin da ke fitar da kaya waje ya biya TVA wajen sayen kayan aiki, amma ba ya karɓar ta daga mai sayen da ke ƙetare. Kuɗinsa kenan ya kwana a baitulmali. Inda doka ta ce a biya ruwa a kan jinkiri, wannan ruwan yana cikin abin da gwamnati take kashewa, tamkar ruwan bashi.

Faransa ta rage nata daga 1 ga Janairun 2018, daga kashi 4.8 a shekara zuwa 2.4. Ɗauki alƙalami: a ce ana bin gwamnati miliyan 10 na sefa shekara guda, a tsohon lissafi jika 480 za ta ƙara, a sabo jika 240. Rabi ya tsaya a aljihunta, giɓin kasafi ya ragu. Amma Faransa ta rage ruwan da take caza wa masu jinkirin biyan haraji daidai da haka, saboda haka abin da ta tsira da shi ta nan, wani ya zube ta can. Jamus ma kotun tsarin mulki ce ta ce a 2021 kashi 6 ya yi yawa, aka dawo da shi 1.8. Akwai hujjar rage ruwan: idan ruwan gwamnati ya fi na banki, manyan kamfanoni sai su riƙa biya fiye da kima da gangan, su mai da baitulmali asusun ajiya.

Abin da ya fi damuna shi ne idan ruwan ya yi ƙasa sosai, jinkiri ya zama ba ya cin gwamnati komai, wa zai yi gaggawar sa hannu a takardarka? Ɗan kasuwar Damagaram mai jarin juyawa, kuɗinsa na kwance har kaka ta wuce, sai ya je banki ya ci bashi mai tsada ko ya rage saye. Ribarsa ta ragu, harajin da zai biya baɗi ma ya ragu. Wannan asarar ba ta fitowa a shafin da aka rubuta an yi tsimi. Wasu alhazanmu ma ba sa taɓa ruwan saboda addini, uwar kuɗinsu suke so a kan lokaci.

Don haka duk sabuwar dokar kasafi da ta fito, karanta sashen mayar da haraji da kanka, kuma ka rubuta ranar da muka ajiye kowace takardar nema a ofishin haraji, ka adana rasidinta.