Kun Tambaya, Mun Amsa: Magana Ta Tauraron Ɗan Adam Da Rediyon Hannu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da lasisin rediyon sha'awa, ina da oba-oba ta hannu mai wat biyar. Sau huɗu ina kiran tashar sararin samaniya ta ISS idan za ta wuce, ban taɓa jin kowa ba. Ƙarfin rediyon ne ya yi kaɗan? Mai karatu daga Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, wat biyar ya ishe ka har da saura, domin ISS tana nisan kilomita 400 ne kacal idan ta zo saman kanka, kuma babu dutse ko gini tsakaninku. Wajen ji ake samun matsala, saboda haka a nan za ka fara gyara.

Abu na farko eriya. Gajeren sandan robar da ya zo da rediyon ba zai kai ka ko'ina ba. Nemi eriyar Yagi ta riƙewa a hannu mai zango biyu, irin ta Arrow mai sanduna uku na zangon megahaz 145 da bakwai na zangon megahaz 435. Ana haɗa irinta a gida da bututun roba na famfo da tef ɗin awo na ƙarfe irin na kafintoci. Sandunan 145 kusan mita guda-guda ne, na 435 kuwa wajen santimita 33.

Na biyu, buɗe SQL (maɓallin da ke toshe ƙara idan babu sigina) gaba ɗaya, ka sa shi a sifili. Ka jure wa shuuu ɗin nan, don muryar tauraro daga cikinsa take fara ɓullowa.

Na uku, wanda ya fi kayar da sababbin hannu, shi ne Dofla. Ka lura da hon ɗin mota yadda yake da kaifi idan tana tunkaro ka, ya yi kauri da ta wuce? Haka zangon tauraro yake yi, ga shi ISS tana gudun fiye da kilomita bakwai a daƙiƙa. Ana aika mata a megahaz 145.990 tare da sautin CTCSS na 67.0 (ƙaramin sautin da ke buɗe na'urarta), ita kuma ta maimaito maganar ƙasa a 437.800. To a zangon 437 gocewar takan kai kilohaz 10 sama da ƙasa. Sai ka adana tashoshi biyar a rediyon: 437.810, 437.805, 437.800, 437.795 da 437.790. Da na farko za ka tare ta a bakin sama, na tsakiya idan ta kai ƙololuwa, na ƙarshe lokacin faɗuwarta. Da zarar murya ta fara shaƙewa, matsa gaba. Zangon aikawa kada ka taɓa shi, gocewarsa ba ta wuce kilohaz uku da rabi.

Kana bin ta da eriya kana kuma murɗa wuyan hannunka a hankali, dama da hagu. Sau da yawa kwata ɗin juyi kawai ke raba shiru da murya tangaram.

Lokacin wucewa kuwa manhajar Look4Sat a waya ko Gpredict a kwamfuta za ta ba ka. Sabunta bayanan kewayen kowane kwana biyu zuwa uku, ka tabbatar agogon wayar daidai yake, ka zaɓi wucewar da ta haura digiri 30 daga bakin sama. Duka-duka minti goma ne. A sani kuma ana kashe na'urar idan 'yan sama jannati za su fita waje ko wani kumbo zai haɗe da tashar, don haka a duba shafin ƙungiyar AMSAT ko ta ARISS, masu bibiyar wannan harka, kafin a fita rana.

Tambaya: Wai dole sai da rediyo biyu? Mai karatu daga Zinder.

Amsa: Da ɗaya ma ana yi, amma ba mu ba da shawarar haka. Tauraron FM mutum ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, wanda kuma ba ya jin kansa yana saukowa bai san ko ya shiga ba, bai san ko ya danne wani ba. Rediyo biyu masu araha, ɗaya na aikawa ɗaya na ji, sun wadatar. Sa iyafis a na jin, in ba haka ba kuwwa za ta koma cikin makirufo. Idan na jin ya kurmance duk sanda ka danna magana, dalilin shi ne 145 sau uku ya faɗa kusa da 435. Sa matacin zango a wayar eriya, ka kuma rage ƙarfi zuwa wat ɗaya ko biyu.

A gwada tauraron SO-50 na Saudiyya, wanda aka harba a 2002: aikawa 145.850 da sautin 67.0, ji 436.795. Idan yana barci, danna daƙiƙa biyu da sautin 74.4, zai farka na minti goma. Muryarsa ta fi ta ISS rauni sosai.

Magana a taƙaice ake yi: alamar kiranka da lambar murabba'inka, wato lambar wurin da kake a taswirar masu rediyo, shi ke nan. Zinder JK43 ce, Kaduna JK30. Gaisuwar iyali a bar ta sai an sauka. Hannu biyu duk a cike suke, to a kunna rikoda a waya, daga baya a rubuta.

Wani abu kuma: a sararin Afirka ta Yamma masu wannan harka ba su da yawa. Kana iya jin muryarka sarai babu mai amsawa. Yi alkawari da wani tun kafin lokaci, ko ka nemi wucewar da tauraron zai bi ta kan Sahara, inda zai hango ka ya hango kudancin Turai. Masu alamar kira ta 5N (Najeriya) da 5U (Nijar) ana rububinsu a can.

Tambaya: Babu tauraron da ba ya gudu? Mai karatu daga Kumasi.

Amsa: Akwai QO-100, a jikin tauraron Es'hail-2 na ƙasar Katar da aka harba a Nuwamban 2018. Yana tsaye a digiri 25.9 gabas, dab da inda ake saita dish don tashoshin Larabawa na Badr, kuma Afirka duka tana ƙarƙashinsa dare da rana. Ji ba wuya: dish na santimita 60 zuwa 80, LNB na talabijin (na'urar da ke bakin dish), da 'yar na'urar RTL-SDR mai mai da kwamfuta rediyo. Siginar megahaz 10489.5 takan fito a wajen 739.5 bayan LNB ya rage 9750. Sai dai LNB na kasuwa yana yawo da zango idan rana ta gasa shi, don haka a nemi mai PLL, wanda ya fi riƙe zango, a yi masa inuwa. Aikawa a gigahaz 2.4 ake yi, da SSB (wani salon aika murya) ko Mos (salon ƙwanƙwasa haruffa), ba a yarda da FM a wurin ba, oba-oba ba ta da aiki a nan. Saurare kowa na iya farawa, amma danna magana sai da lasisi daga hukumar ƙasarka.