Agogon Hannu da Bugun Zuciya: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gudun safe a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Da na fara gudu sai agogona ya nuna 172, alhali ko haki ban fara ba. Zuciyata ce ko agogon?
Daga wani mai karatu a Gwale

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kife agogon ka duba bayansa, za ka ga koren haske yana ƙiftawa. Jini yana shanye koren haske, saboda haka duk bugun da ya turo jini zuwa wuyan hannu, hasken da ke komawa cikin agogon sai ya ragu. Wannan raguwa da ƙaruwar yake ƙirgawa. Idan kana zaune ko kana tafiya a hankali, lissafin yakan fita daidai. Da gudu kuwa, agogon da bai kama hannu ba yana girgiza da kowane taku, hasken rana yana kutsawa ta ƙarƙashinsa, sai ya koma ƙirga takunka. Yawancin masu gudu suna taku 160 zuwa 180 a minti. Lambar da ta haura 170 tun farko ta tsaya cak, ta fi kama da ta ƙafa.

Matsar da agogon sama da ƙashin wuyan hannu kamar faɗin yatsu biyu, ka ƙara tsuke maɗaurin da rami ɗaya, ka goge basilin da ƙurar da suka maƙale a bayansa. Da sanyin asubar hunturu jijiyoyin fata suna tsukewa, jini ya ragu a hannu, don haka ka fara da sassarfa ta minti 10.

Ga gwajin da ba ya cin ko kwabo. Tsaya, ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ƙirga bugun na daƙiƙa 15, ka ninka sau 4. Ka yi nan take, domin bugun yana saurin sauka. In ka sami 35, bugunka 140 ne. Sannan ka cire agogon ka kwantar da bayansa a kan matashi: wasu masu araha suna nuna lamba ko babu hannu, irinsu ba abin dogaro ba ne sam.

Tambaya: Ina ɗaga ƙarfe a wurin motsa jiki, ina kuma gudu mai ƙarfi na daƙiƙa 30 in huta. An ce in sayi maɗaurin ƙirji. Ya cancanci kuɗinsa?
Daga wata 'yar'uwa a Tarauni

Amsa: Ga irin atisayenki, Malama, ƙwarai kuwa. Riƙe ƙarfe yana ɗaure tsokar hannu ya dagula karatun hasken, kuma agogo yana jinkiri, kafin ya kamo bugun kin riga kin gama zagayen. Maɗaurin ƙirji, kamar na Polar ko Garmin, lantarkin zuciyar yake ji kai tsaye. Ki jiƙa wuraren robar da ke taɓa fata kafin ki ɗaura shi a ƙasan ƙirji. Busasshiyar fata da rigar leda suna sa lambar ta riƙa tsalle kafin gumi ya keto. Ki ɗauraye shi bayan kowane atisaye, gishirin gumi ne ke kashe shi.

Tambaya: Gudun da nake yi da bugun zuciya 140 da hunturu, a watan Afrilu 155 yake kai ni. Shekarata 40.
Daga wani ɗan kasuwa a Fagge

Amsa: Nan agogon bai yi ƙarya ba, Alhaji. Da zafin bazarar Kano jiki yana tura jini zuwa fata don ya huce, gumi kuma yana rage ruwan jini, dole zuciya ta ƙara sauri. Rage gudun, ka fita kafin rana ta ɗaga, ka sha ruwa. In kana azumi ka bari sai bayan buɗa baki. Lissafin 220 a cire shekaru ya ba ka 180 a matsayin ƙololuwar bugun zuciyarka a minti, amma ƙiyasi ne, yana iya kaucewa da bugu 10 ko fiye. Abin da ba ma so ka yi wasa da shi: ciwon ƙirji, jiri, suma, ko bugun da ke tsallake-tsallake. Ko agogon ya nuna lafiya lau, ka dakata ka je asibiti a yi maka gwajin ECG, wato na lantarkin zuciya.