Tambayi Kawu: jika 85 gare mu, fim ɗin na neman miliyan 2

Kawu, barka da war haka. Ni ɗaliba ce a shekara ta uku a Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram. Mu biyar muka haɗa kai za mu yi gajeren fim na minti 12. Labarin wata yarinya ce mai shekara 14, zabiyar ƙungiyar waƙa ta lakwal ɗinsu. Ranar wata gasa baiti ɗaya ya ɓace mata a gaban jama'a. Tun daga ranar ba ta barci, tana ta bita cikin dare har muryarta ta dishe, kuma in an ce gobe akwai wasa ko tuwo ba ta iya ci. So muke mu nuna yadda neman kamala ke cin yara masu wasa a dandali. Mun yi lissafi ya kama sefa miliyan 2, rabinsa na hayar kamera ne daga Yamai da mai riƙe ta. Abin da ke hannunmu jika 85, wato sefa dubu 85. Na kai dosiye wurare 4, shiru kake ji. Wani Alhaji ɗan kasuwa da na je wa ya ce mini, yarinyar da ke son ta gyara aikinta ai ɗiyar kirki ce, ina abin yin fim a nan? Wata 14 ke nan muna zaune. Yaya zan yi?

Ɗiyarka daga Garin Malam

Ɗiyata, zan fara da Alhajin nan, don ya fi wurare huɗun da kika kai dosiye amfani gare ki. Su shiru suka yi, shi kuwa ya gaya miki inda gizo ke saƙa. A bakinmu kamala yabo ce. In an ce mutum kamili ne, ba a ce a kai shi likita. Kika je masa da kalmar da ya saba jin ana yabon mutane da ita, kika ce cuta ce, kuma ya kawo kuɗi. Ko ni ne sai na ɗaga gira.

Ki koma wurinsa, amma ki bar kalmar a gida. Ki tambaye shi ko ya taɓa ganin yaro a musabaƙa, ya kawo karatu sumul, harafi ɗaya ya kuɓuce masa, alƙali ya buga ƙararrawa, yaron ya koma gida ya shige ɗaki ya ƙi fitowa kwana biyu. Ya gani. Wataƙila ma a gidansa aka yi. Mu da muke cewa ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, mu ne kuma muke tambayar yaron da ya zo na biyu a aji wa ya zo na ɗaya. Wannan shi ne fim ɗinki, kuma da wannan harshen za ki nemi kuɗinsa.

Maganar masana tana da wurinta, a cikin dosiye. Tun 1991 wasu masu nazarin halayyar ɗan Adam biyu a Kanada, Paul Hewitt da Gordon Flett, suka raba abin gida uku: wanda ke ƙuntata wa kansa, wanda ke ƙuntata wa wasu, da wanda ya yarda cewa jama'a ba za su karɓe shi ba sai in bai yi kuskure ba. Na ukun nan shi ne na zabiyarki. Daga baya Thomas Curran da Andrew Hill suka tattara bayanan ɗalibai fiye da 40,000 na Amurka da Kanada da Birtaniya daga 1989 zuwa 2016, suka tarar wannan na ukun shi ya fi hauhawa. Ki sa shi a shafi na biyu. Dala ɗaya ba zai ciro miki daga aljihun Alhaji ba.

Yanzu miliyan biyunki. Ki soke kamerar Yamai. Na san za ki ji zafi, na san wani a cikinku ya riga ya haddace sunanta da lambarta, amma ki soke ta. Masu ɗaukar bidiyon biki da ke garin nan suna da kamerorin da suka isa fim na minti 12, kuma daga Litinin zuwa Laraba yawanci a jaka suke kwana. Ki nemi guda mai hannu a tsaye, ki gwada masa labarin, ki ce za a rubuta sunansa a matsayin mai ɗaukar hoto. Da yawansu sun gaji da ɗaukar amarya tana taku ɗai-ɗai, suna marmarin abin da za su nuna su ce nawa ne.

Inda ba zan yarda ki yi tsimi ba shi ne sauti. Fim ɗinki fim ɗin murya ne. Duk abin da za a ji a ciki yana cikin maƙogwaron yarinyar nan: yadda take jan numfashi kafin baiti, yadda muryar ke tsagewa da ƙarfe biyun dare. Mai kallo yana yafe hoto mai ɗan duhu, amma in bai ji abin da aka ce ba sai ya ɗauki wayarsa. Damagaram kuwa gari ne mai surutu. Ga kabu-kabu, ga injin niƙa, ga awaki, ga gurup (injin wuta) na maƙwabci da zai tashi daidai lokacin da yarinya ta fara kuka. Ki nemi ma'aikacin rediyo da ya san mikro, ki biya shi kuɗin kirki, ya zo da abin sa wa a kunne. Kwana ɗaya kafin ɗauka ki je wurin da kika zaɓa, ki zauna ki rufe ido minti goma, ki ji abin da ke wucewa. Kada ki sa ɗauka dab da kiran salla, kuma ki guji Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Ƙarshen damina zuwa farkon sanyi ya fi, kafin hazo ya rufe gari.

Ga lissafin kaina, ki gyara shi da farashin kasuwa. Kwana 4 na ɗauka. Sauti jika 80. Abincin mutum 15 jika 90, kuma kada ki taɓa wannan, don wanda ya zo ya yi miki aiki kyauta da yunwa gobe ba ya dawowa. Mai da kabu-kabu 40, gurup da fitilu 50, diski biyu na ajiyar hotuna 70 (biyu na ce, a gida biyu daban), montaj (haɗa hotunan fim) 70, goron yarinya da ƴan amshinta 30. Ya kama 430. Ki ɗora 45 na abin da ba a zata ba, 475 ke nan. Dandali kuwa ki tambayi Gidan Matasa da Al'adu, gidan da yarinya ke kwana ki samu a Birni ko Zango wurin dangin ɗayanku, ki fara gaida mai unguwa kafin ki kafa ko fitila ɗaya.

Ina za a samo su? Kuna da 85. Ku biyar ku yi adashi na jika 5 kowane wata, wata 4, ga 100. Saura kusan 300, wato mutum 60 kowa jika 5. Kowannenku ya kawo mutum 12. In aka faɗe shi haka ya daina zama dutse. Akwai yayyenku da ke Agadas da Kano da Kwatano da Aljeriya, akwai tsofaffin ƴan ajinku, akwai mushen da ya koya muku wasan kwaikwayo a koleji, akwai ƴan fadar unguwa da ke kashe fiye da haka a shayi da sukari. Kada ki tura musu dogon rubutu. Ki ɗauki minti ɗaya da waya: yarinya ita kaɗai a tsakar gida da dare, tana maimaita baiti ɗaya, tana tsayawa, tana sakewa. Gani ya kori ji. Ki sa shi a WhatsApp da lamba guda ta karɓar kuɗi, ta Nita ko Amana ko Al Izza, abin da mutanenmu suka saba da shi. Manyan shafukan tara gudunmawa irin Kickstarter da GoFundMe ba su buɗe wa mai asusun banki a Nijar ba, kada ki ɓata kwanaki a kansu.

Kuma ba ke za ki riƙe kuɗin ba. Ku zaɓi ma'aji, a sayi littafi, duk Juma'a a faɗa wa waɗanda suka bayar abin da ya shigo da abin da ya fita. Na ga ƙungiyoyin wasa da yawa sun mutu a garin nan, kuma ba rashin gwaninta ya kashe su ba, jika goma ce da ba a san inda ta shiga ba.

Dosiye ki ci gaba da kaiwa, har Cibiyar Sinima ta Ƙasa da ke Yamai, amma kada ki zauna jiransa. Tun 2023 ƙofofin waje da dama sun tsuke. Waɗanda suka rage kuma kowa da saƙon da yake son a isar masa. Wani zai ce a mayar da yarinyar wadda za a yi wa auren wuri, sai ya biya duka. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Fim ɗin da aka gama ya fi buɗe ƙofa. FESPACO, bikin finafinan Afirka da ake yi a Wagadugu duk shekara biyu, yana da sashen finafinan ƴan makaranta, kuma ɗan ƙasar nan, Oumarou Ganda, shi ya fara cin babbar kyautarsa a 1972. Aïcha Macky ɗiyar garin nan ce, ta ɗauki kamera ta shiga unguwar Kara-Kara, a 2021 duniya ta kalli abin da ta fito da shi. Ita ma da gajerun finafinai ta fara. Waƙar da zabiya za ta rera kuwa ku tsara taku, don in kun ari ta wani sai kun nemi izininsa.

Saura abin da ya sa na ajiye takardarki kwana uku kafin in amsa. Yarinyar da za ta hau wannan matsayi yarinya ce ta gaske. Ki samu yardar iyayenta a rubuce, wata babba daga gidansu ta riƙa zama wurin ɗauka, kada a taɓa lokacin lakwal ɗinta. Sannan ki ɗaure wa kanki doka: kowane fage sau biyar, in ya wuce haka a sha ruwa a koma wani. Don ranar ɗauka, da kuɗin mutum 60 a wuyanki, rana na faɗuwa, za ki ji bakinki na cewa "sake, bai yi ba" sau ashirin, a kan yarinya mai shekara 14, a cikin fim ɗin da kika yi don a daina yi wa yara haka.

Na san wannan bakin, nawa ne. Zamanin samariya, lokacin Kunce, ni ke horar da ƙungiyar unguwarmu don bikin matasa na ƙasa. Muna da wani yaro mai kalangu, shekararsa 13, hannunsa kamar ruwa. Ranar tantancewa ya saki kiɗa wuri ɗaya, ƴan rawa suka rikice, aka kayar da mu. A gaban kowa na ce masa ya zubar mana da wata uku a ƙasa. Bai yi kuka ba. Washegari ya zo bita kafin kowa, jibi ma haka, yana ta bugun wannan wuri ɗaya har yatsunsa suka fashe. Ni kuwa ina jin daɗi, ina cewa yaro ya ɗauki darasi. Bayan sati biyu ya aiko ƙanensa da kalangun, bai sake taɓa shi ba.

Yau yana da rumfa a Kasuwar Dole, da furfura a gemu. Muna gaisawa, ba mu taɓa tada maganar ba. Shekaranjiya na je na karanta masa takardarki. Ya saurara har ƙarshe, ya sallami wani mai ciniki, sannan ya buɗe akwatin kuɗi ya miƙo mini jika 10. Ya ce kada a rubuta sunansa, a saya wa yarinyar zuma saboda murya. Kuɗin na wurina. Ki zo buron mujalla ranar Alhamis da hantsi, ki taho da ma'ajinku da littafinsa.

Kawu