Kyanwar Hajiya da maganar ƙoda

Ɗana, ka ce sati 3 ke nan da muka ɗora kyanwar Hajiya a kan maganin rage aikin tayirod, wato gaɓar nan ta wuya da ke sarrafa saurin aikin jiki, wadda tata ta yi yawa, yau sakamakon jini ya nuna kiratinin, dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, ya hau daga 14 zuwa 21, shin maganinmu ne ya ɓata mata ƙoda, mu tsayar? Ajiye takardar ka zauna. Ba za mu tsayar ba.

Tuna yadda aka kawo ta. Shekararta 13, tana ci kamar gara amma ƙashin bayanta a waje, ga shan ruwa, ga yawan fitsari, ga kukan dare. Kai ka ce tsutsar ciki ce, kuma ban ga laifinka ba, don a nan Garwa ta Kamaru kyanwa goma in sun rame, tsutsa ko yunwa za ka fara zato. Sai na sa ka ɗaga haɓarta ka zuro yatsu biyu gefen maƙogwaro, ka ji wani abu kamar ƙwayar wake ya zille maka. Wannan shi ne maƙoƙon kyanwa. Zuciyarta kuwa ta haura bugu 240 a minti. Ciwon tsofaffi ne, galibi waɗanda suka wuce shekara 10, kuma kusan dukansu kumburin ba na daji ba ne. Likitoci ma ba su bayyana shi a kyanwa ba sai 1979, a Amurka.

To, ga inda ƙoda ta shigo. Ka san kogin Binuwai a watan Agusta, ruwa ya cika ya rufe komai. Ka koma bakin gada a watan Maris, sai ka ga yashi da duwatsu. Rani ne ya kawo su? Da ma suna nan. Haka tayirod in ta yi yawa: zuciya na turo jini da ƙarfi, ƙoda na tacewa fiye da ƙarfinta, sai awo ya fito tas ko da ta gaji. Ƙari a kan haka, kiratinin daga tsoka yake fitowa, ita kuwa wace tsoka ta rage mata? Da magani ya kama, guguwar ta lafa, sai ainihin halin ƙodar ya bayyana.

Wasu kan ce a bar tayirod ɗin ta ɗan yi sama don a lallaɓa ƙoda. Ni ban yarda ba. Gudun nan da kansa yana cin ƙodar, yana kaurara naman zuciya, ya kawo hawan jini, wata rana a wayi gari kyanwa ta makance. Abin da nake tsoro shi ne mu wuce gona da iri mu danne tayirod ƙasa da ƙima, don nan ne ƙoda ke shan wahala sosai, kwana kuma ya gajarta. Shi ya sa na fi son ƙwaya a kan fiɗa ga irin wannan tsohuwa. Ƙwaya ana ragewa, abin da wuƙa ta cire ba ya dawowa.

Ka kula da ma'auni ma. Ɗakunan awo na nan da miligiram a lita suke rubutawa, irin na Faransa. Littafinka na Turanci in ya ce 1.6, a takardarmu 16 ne. Na taɓa ganin yaro ya rikita wannan ya tayar wa mai kyanwa hankali a banza.

Gobe ka ɗebi fitsarinta ka ɗiga a na'urar awon kauri, in ya gaza 1.035 ka rubuta. A sake awon T4, wato sinadarin tayirod a jini, da shi za mu san ko a rage ƙwayar. Ka tambayi Hajiya ko tana amai, ko tana sosa fuska har da jini. A ajiye mata ruwa wuri uku a inuwa, zafin nan ya fi 40. Surukar Hajiya mai juna biyu kuma kada ta taɓa ƙwayar, kada ta kwashe kashin.