Amsa kan Masai da karatun boko

Ɗana, ka tambaye ni ko boko ne ke kashe al'adun Masai, makiyayan nan na Kenya da Tanzaniya. To, ka fara duba lokacin da makaranta ke cinyewa, domin nan gizo ke saƙa.

A al'adarsu, yaro idan ya tasa ana yi masa kaciya, ya shiga sahun samari mayaƙa da suke kira moran. Shi da tsararrakinsa sai su tare a sansanin da ake ce wa manyatta, su bar gashi ya yi tsawo suna shafa masa jar ƙasa, kuma ba a yarda ɗayansu ya ci abinci shi kaɗai ba. A shekarun nan suke sanin mashaya da makiyaya, da cututtukan shanu, da ladabin magana gaban manya. Sai an daɗe sannan a yi bikin eunoto, uwa ta aske kan ɗanta, ya sami izinin aure. Waɗannan shekaru kuwa su ne daidai na sakandare. Shi ya sa yanzu da yawa kan bari sai hutun Disamba a yi kaciyar, a taƙaita zaman sansani, yaro ya koma aji da askakken kai. Sunan tsara ya samu, amma sanin daji bai zauna masa ba. A 2018 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta saka bikin eunoto da wasu bukukuwan mazan Masai biyu cikin al'adun da ke buƙatar ceton gaggawa.

Kada ka ga laifin iyayen. Tun da aka yanyanka filayen kiwo na gamayya a yankunan Kajiado da Narok na Kenya, kowa da takardarsa da shingensa, uban da ba shi da ɗa mai karanta takarda yana iya rasa filinsa. Farin 2009 ya ƙarar da garkuna da yawa, albashin ɗa ɗaya ya riƙe gidaje. Ga firamare kyauta a Kenya tun 2003. 'Yan mata kam sun ci riba, karatu na jinkirta musu auren wuri, kuma dokar Kenya ta 2011 ta haramta yi musu kaciya.

Wanda nake tausaya wa shi ne yaron da aka raba da garke, ya kuma bar makaranta tun a firamare. Kiwo bai iya ba, takardar shaida babu, sai ka same shi yana gadi a Nairobi ko Dar es Salaam.