Guzurin yaro a jirgin sama: daga Kumasi zuwa Landan

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Daga Aboabo nake a Kumasi. Wata mai kamawa zan bi maigidana Landan tare da ɗana mai shekara ɗaya da wata takwas. Za mu tashi daga Kumasi da rana, mu jira a Accra, mu hau jirgin dare. Yaron ba ya son komai sai koko, shinkafa da wake, da ayaba. An ce mini ana karɓe duk abin sha a filin jirgi. Surukata kuma ta matsa sai na kai wa ɗanta kilishi da wagashi. Me zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya kai ku lafiya. Kada ki auna guzurin da awa 6 zuwa 7 da jirgi ke yi daga Accra zuwa Landan. Ki fara lissafi tun daga ƙofar gidanki. Kumasi zuwa Accra bai kai awa ɗaya ba a sama, amma akwai jira, akwai komawa daga ɓangaren jiragen cikin gida na filin jirgin Accra zuwa Tamina 3 ta jiragen ƙasashen waje, akwai awa 3 da ake so ki iso kafin tashi, ga layin shige da fice idan kun sauka. Wuni da kwana ke nan, kuma jirgi kan yi latti. Ki ɗauki abin da yake ci a wuni guda, ki ƙara rabi.

Wanda ya ce ana karɓe abin sha bai yi ƙarya ba, bai dai ƙarasa zancen ba. A jakar hannu, ba a yarda da ruwa ko wani abu mai ruwa-ruwa a mazubin da ya wuce mililita 100 ba. Amma an ɗaga wa mai tafiya da ƙaramin yaro ƙafa: madararsa da abincinsa da ruwansa suna wucewa gwargwadon buƙatar tafiyar. Ki haɗa su a leda mai nuna abin da ke ciki, ki fito da su da kanki kafin a tambaye ki. Abin da ke rufe cikin kwalin kamfani ya fi saurin wucewa a kan kokon gida a fulas, wanda jami'i zai tsaya yana juyawa yana tambaya.

Ko da an bar ki da kokon ma, ni ba zan ba ki shawarar ajiye shi har dare ba. Dafaffen abinci da ya huce bai kamata ya wuce awa 2 a ajiye ba, domin tsakanin digiri 5 da 60 na ma'aunin zafi ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, kuma kin san zafin garin nan. Shinkafa ta fi komai ban tsoro a nan. Akwai wata ƙwayar cuta, Bacillus cereus, da dahuwa ba ta kashe irinta. Shinkafar na hucewa sai ta farfaɗo ta zuba guba, kuma ɗumame ba ya kashe gubar. Amai da gudawa a kujerar jirgi, yaro a cinyarki, ba abin da za ki so gani ba ne. Saboda haka kokon ya sha a gida kafin ku fita, shinkafa da waken ya ci da zafinta a Accra lokacin jira, ba shito ba yaji. Daga nan sai busasshen guzuri.

Busasshen nan shi ne gatanki. Ki auna garin Cerelac ko Tom Brown, wanda ya saba da shi, cin sau ɗaya a kowane ƙaramin mazubi, sai kwano da cokali biyu (ɗaya zai faɗi ƙarƙashin kujera, ki sa a ranki). Idan Tom Brown ne, ki gwada a gida ki ga ko naki na damuwa da tafasasshen ruwa kawai, don wani sai an ɗora a wuta. Ma'aikatan jirgi za su ba ki ruwan zafi. Ki sirka da na gora, kuma kada ki karɓi kofin ta saman kan yaro. Ki ƙara da burodi, biskit marar zaƙi sosai, ayaba cikin roba mai murfi don kada ta dagargaje, da dabino mai laushi da aka cire wa ƙwallo aka yayyanka. Ranar tafiya ba ranar gwada sabon abinci ba ce.

Gyada, gugguru, ƙuli-ƙuli mai tauri da alewar tsotso ki bar su a gida. Suna sarƙe yaran da ba su kai shekara 5 ba, balle a jirgin da zai iya girgiza ba sallama. In ya ci, ya ci a zaune, ba a kishingiɗe ba.

In har yanzu yana shan nono, don Allah kada ki yaye shi saboda tafiyar nan. Lokacin tashi, musamman ma lokacin sauka, iskar cikin kunne ba ta daidaita da ta cikin jirgi, shi ne kukan da ake ji. Haɗiya ce ke buɗe 'yar hanyar da ta haɗa kunne da maƙogwaro. Jirgi kan fara gangarowa kimanin minti 30 kafin ya taɓa ƙasa, to ki riƙe nonon ko kofin ruwansa zuwa wannan lokacin, kada ya ƙoshi tun da wuri ya ƙi karɓa. Iskar jirgi busasshiya ce kamar ta hunturu, sai ki riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Murfin kofin kuma ki sassauta shi a hankali bayan an tashi, in ba haka ba ruwan ya feso muku.

Yaron da bai cika shekara 2 ba yawanci a cinya yake tafiya, kuma ba lallai a kawo masa nasa farantin ba sai an nema. Ki sa wanda ya yankar miki tikiti ya nemi abincin yaro, da na halal naki, kwana 2 kafin tafiya. Amma kada ki dogara da shi.

Saura saƙon surukarki. Ki ba ta haƙuri: Birtaniya ta hana matafiyi daga Ghana shiga da nama ko abin da aka yi da madara, kuma kilishi da wagashi duk sun faɗa ciki. In an gani za a ƙwace, har ana iya cin tara. Madarar gari da abincin jarirai an yarda da su har kilo 2, in suna rufe cikin mazubin kamfani kuma ba sa buƙatar firij kafin a buɗe. In dole sai ɗanta ya ɗanɗana na gida, ta saya masa busasshen kifi a kasuwar Kejetiya, wannan an yarda da shi. Ki naɗe shi da kyau, ki sa a babbar jaka nesa da kayan yaron.