Amsa: Na sa OLLAMA_HOST a .bashrc amma sabar ba ta canja ba

Ɗan'uwa, ka ce ka rubuta export OLLAMA_HOST=0.0.0.0 a .bashrc (fayil ɗin saitin taminal ɗinka) don buɗe Ollama, manhajar gudanar da samfuran AI a kwamfutarka, ga sauran kwamfutoci, amma har yanzu sauran kwamfutoci sun kasa shiga. Matsalar ita ce systemd, mai kula da tayar da sabis-sabis, ne ke tayar da Ollama a Linux, shi kuwa ba ya leƙa .bashrc ɗinka ko kaɗan. Saitin muhallin da ka sa can, taminal ɗinka kaɗai ya san da shi.

Buga sudo systemctl edit ollama.service, ƙarƙashin [Service] ka rubuta Environment="OLLAMA_HOST=0.0.0.0:11434". Sai systemctl daemon-reload, sannan systemctl restart ollama. Nan ne kuma za ka sa OLLAMA_MODELS idan kana son manyan fayilolin samfuran AI ɗin su koma wani faifan, amma ka ba asusun Linux mai suna ollama izinin rubutu a wurin, in ba haka ba, sabar za ta ƙi tashi.

Abu ɗaya dai, Ollama ba ta tambayar kalmar sirri. Asalinta a 127.0.0.1 take saurare, wato kwamfutarka kaɗai, da ka buɗe ta kowa a hanyar sadarwarka zai iya amfani da GPU ɗinka (katin da ke sarrafa aikin AI ɗin). Da ni ne kai, zan sa nginx, sabar yanar gizo mai tsayawa kamar ƙofa, a gaban Ollama da kalmar sirri.